Skill Link, Loaded Dice ko Wide Lens: wanne ya dace da mai dukan jere a Pokémon?

Tun da Pokémon ɗin nan Cinccino ya dawo cikin wasan Pokémon Scarlet da Violet ta hanyar ƙarin wasan The Indigo Disk a Disamban 2023 muke gardama da yan uwa masu buga Pokémon kan me ya fi dacewa da shi wajen harin jere, wato harin da yake bugu da yawa a zagaye ɗaya, wani yace baiwar Skill Link ce kawai magana ta ƙare, wani yace a'a baiwar Technician da kayan riƙo Loaded Dice sun fi, kuma abun da na lura shine yawancin masu gardamar ba su taɓa zama sun yi lissafin ba, kowa abun da ya taɓa ba shi nasara sau ɗaya yake karewa. Toh ni na zauna na yi, kuma na buga da duka biyun sosai a Pokémon Showdown, shafin intanet na faɗan Pokémon, a wayata, shi yasa nace bari in rubuta yanda abun yake tun daga tushe don wanda zai haɗa tim ya san me zai riƙa wa wa.

Da farko dai shi harin jere ba iri ɗaya bane, kuma nan ne mutane suke fara ruɗewa. Akwai wanda yake bugu 2 zuwa 5, irin su Bullet Seed, Rock Blast, Icicle Spear, Tail Slap, Pin Missile, Scale Shot da Bone Rush, duk waɗannan ƙarfin kowane bugu 25 ne. Akwai mai adadi tsayayye wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kamar Dual Wingbeat mai 40 sau 2, Dragon Darts na Dragapult mai 50 sau 2, Surging Strikes na Urshifu mai 25 sau 3. Sai kuma na uku wanda shine mai wahalar sha'ani, wato wanda ake duba saitinsa, ko zai samu ko zai kuskure, a kowane bugu, Triple Axel da Triple Kick da Population Bomb. Kowane rukuni da kayan da yake so, idan ka ɗauki maganin wannan ka ba wancan asara kawai ka yi.

A rukunin farko, da zarar ka danna harin sau ɗaya ake duba ko ya samu ko ya kuskure, idan ya samu sai wasan ya jefa ƙuri'a kan yawan bugun. Tun daga Black da White na 2010 rabon shine kashi 35 cikin 100 bugu 2, kashi 35 bugu 3, kashi 15 bugu 4, kashi 15 bugu 5. Idan ka tara ka raba, matsakaicin ya kama bugu 3.1, wato ƙarfi 77.5 kenan. Kafin nan ma ya fi muni, 37.5 da 37.5 da 12.5 da 12.5 ne, kuma Bullet Seed da Icicle Spear ƙarfinsu 10 ne kacal a lokacin, shi yasa ba wanda yake waiwayarsu. Yanzu ka kwatanta 77.5 ɗin nan da Seed Bomb mai ƙarfi 80 wanda kullum 80 ɗin ne, ko Icicle Crash mai 85. Kaga idan ba ka da wani abu da zai taimaki harin jere, a wajen ɓarna zalla hari mai bugu ɗaya ya ɗan fi shi. Kuma abun da ya fi damuna ba matsakaicin bane, ƙasan ne: sau 7 cikin 10 bugu 2 ko 3 za ka samu, ƙarfi 50 ko 75, kuma wallahi lokacin da kake buƙatar bugu 4 don ka kayar da abokin karawa ranar ne zai tsaya a 2. Ni shi yasa duk lissafin da zan yi a kan irin wannan harin da mafi ƙarancin bugu nake yinsa, abun da ya haura wannan kyauta ce.

To me yasa ake son su duk da haka? Sabida akwai abubuwan da bugu ɗaya ba zai taɓa yi ba komai ƙarfinsa. Mai riƙe da Focus Sash ko mai baiwar Sturdy idan jininsa a cike yake ba ya faɗuwa da bugu ɗaya, sai ya rage da ɗigo 1, amma harin jere bugun farko ya rage jinin, na biyu ko na uku ya ƙarasa shi, kariyar ba ta da amfani. Substitute, ɗan mutum-mutumin kariya da abokin karawa ya sayar da kwatan jininsa ya kafa, bugun farko ko na biyu ya fasa shi sauran su sauka a jikinsa kai tsaye. Multiscale na Dragonite da yake raba ɓarna biyu idan jini a cike yake, bugun farko kawai yake tarewa. Disguise na Mimikyu ma haka, rigar ta sha na farko sauran huɗun na shi ne. Har irin su Yache Berry da suke rage zafin harin ƙanƙara, bugun farko kaɗai suke ragewa. Sannan kowane bugu da nasa damar kiritikal daban, wato bugu mai ƙarin ɓarna, 1 cikin 24, wanda idan bugu 5 ne damar ka samu aƙalla ɗaya ta kai wajen kashi 19. A Red da Blue na farko ba haka bane, bugun farko ne yake yanke wa sauran hukunci kuma da an fasa Substitute harin ya tsaya, amma wannan tsohon zance ne.

Yanzu mu zo kan su ukun.

Skill Link baiwa ce, ta zo tun Diamond da Pearl na 2006, babban aikinta: hari mai 2 zuwa 5 kullum 5 zai buga. Ƙarfi 125 tsayayye ba ƙuri'a. Ka tuna Stone Edge ƙarfinsa 100 ne saitinsa 80, shi kuwa Rock Blast a hannun mai Skill Link 125 ne saiti 90, Icicle Spear kuma 125 saiti 100 ba wani sharaɗi. Babban alherinta shine hannun Pokémon ɗinka, wanda kaya ɗaya kawai yake iya riƙewa, a sake yake, ka riƙa masa duk abun da ka ga dama. Matsalarta kuma yan kaɗan ne suke da ita, Cloyster, Cinccino, Ambipom, Toucannon, sai Mega Heracross a wasannin da suke da Mega. Idan Pokémon ɗinka baya cikin irin waɗannan to babu ma zaɓin, ka wuce gaba.

Cloyster shine misalin da ba gardama a kansa. Shell Smash yana ɗaga masa ƙarfin duka da gudu mataki 2 a zagaye ɗaya ya rage masa tsaro mataki 1, daga nan sai ruwan Icicle Spear da Rock Blast. Abun da yake buƙata shine ya rayu a zagayen da zai yi Shell Smash ɗin, don tsaronsa na jiki 180 ne amma jininsa 50 ne, tsaron hari na musamman kuma 45, ko ɗan ƙaramin Thunderbolt zai iya gamawa da shi. Shi yasa Focus Sash ko White Herb, mai dawo da tsaron da ya ragu, suke hannunsa. Na sha ganin sababbin yan wasa sun ba Cloyster mai Skill Link Loaded Dice, dan Allah kar ka yi, ba abun da yake ƙara masa ko kaɗan, biyar ɗin dama yana da ita. Akwai kuma King's Rock wanda yake ba kowane bugu kashi 10 na razana abokin karawa ya kasa motsi, a bugu 5 ya zama wajen kashi 41, abun ya yi yawa har Smogon, ƙungiyar yan wasa masu tsara dokokin fafatawa a intanet, suka hana shi a babban rukuninsu na OU, don haka idan a can kake bugawa ka manta da shi, idan kuma da abokanka ne a na'urar Nintendo Switch to ka san zai jawo maka surutu.

Loaded Dice kuma kayan riƙo ne, ya zo da Scarlet da Violet a Nuwamban 2022, ana sayensa a shagon Delibird Presents na Levincia. Ka ɗauka ƙwayar ludo ce da aka yi wa dabara ba ta faɗawa kan ƙaramar lamba. Mai riƙe da shi harin 2 zuwa 5 zai zama 4 ko 5, rabi da rabi, ƙarfi 100 ko 125, matsakaici 112.5. Ya gaza Skill Link da rabin bugu, amma kowa zai iya riƙe shi, kuma wannan ne ya canza wasan gaba ɗaya, don yanzu manyan masu ƙarfi da ba su taɓa mafarkin Skill Link ba sun samu kusan irinta. Baxcalibur mai ƙarfin duka 145 shine ya nuna wa duniya haka. Icicle Crash 85 ne kuma yana kuskurewa sau 1 cikin 10, Icicle Spear da Dice kuma mafi ƙaranci 100 ne baya kuskure, ga fasa Sash ga fasa Substitute. Da ƙarin wasan The Teal Mask ya zo a 2023 Baxcalibur ya samu Scale Shot, wanda bayan bugun ƙarshe yake ƙara gudu mataki 1 ya rage tsaro mataki 1, sai ya zama yana dukan ƙarfi 100 ko 125 yana kuma ƙara gudu a zagaye ɗaya, ba a daɗe ba Smogon suka kore shi daga OU. Garchomp ma yana cin wannan moriyar ta Scale Shot.

Amma kuɗin da kake biya shine hannun. Baxcalibur jinsin ƙanƙara ne, duk shigowar da zai yi a kan Stealth Rock, tarkon duwatsun da abokin karawa yake shimfiɗawa a fili, kwatan jininsa ne yake tafiya, kuma Heavy-Duty Boots da zai hana haka hannu ɗaya suke nema da Dice. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka zaɓa ita ce, tim ɗina akwai mai share fili, mai Rapid Spin ko Defog? Idan akwai kuma ka yarda da shi, Dice. Idan babu kuma salon wasanka na yawan shiga da fita ne, Boots da Icicle Crash sun fi maka kwanciyar hankali. Sai kuma Knock Off, harin da yake kakkaɓe kayan da kake riƙe da shi, wanda kusan kowace tim tana da mai shi, da ya taɓa ka Dice ya tafi ka koma 35, 35, 15, 15 a tsakiyar faɗa. Skill Link ba a ƙwace ta da sauƙi haka, sai irin su Neutralizing Gas na Weezing ko Skill Swap, waɗanda ba kullum ake haɗuwa da su ba.

Wani abu da nake so a riƙe: Dice sai ya biya kuɗin hannunsa. Idan hari ɗaya kacal cikin huɗunka ne na jere kuma ba shine babban makaminka ba, ka yi tunani sau biyu, don Life Orb yana ƙara kashi 30 a kan duk harinka ne, kuma jinin da yake ci, kashi 1 cikin 10, sau ɗaya yake cirewa a hari ba a kowane bugu ba. Ɗauki Breloom mai Technician, baiwar da take ninka duk harin da ƙarfinsa bai wuce 60 ba sau 1.5. Bullet Seed ɗinsa kowane bugu ya koma 37.5 a takarda. Ba tare da komai ba matsakaici wajen 116, ƙasa 75. Da Life Orb matsakaici wajen 151, ƙasa 97 da ɗoriya, kuma Mach Punch ɗinsa ma ya ƙaru. Da Dice matsakaici wajen 169, ƙasa 150. Kaga a matsakaici tazarar ba ta da yawa, amma dubi ƙasan, 97 da 150, wannan ne bambancin da kake ji a jikinka lokacin wasa. Duk da haka Breloom jininsa 60 ne gudunsa 70, harin sama kuma ninki 4 yake masa, shi yasa da yawa suke haƙura da duka biyun su ba shi Focus Sash don ya tabbata ya yi aiki ko sau ɗaya ne. Ni a kan Breloom idan shi zai buɗe min wasa Sash nake ba shi, idan kuma ajiye shi zan yi don ƙarshen wasa sai in ba shi Dice.

Sai Wide Lens, wanda shi mutane suka fi rainawa kuma a rukuni na uku shine sarki. Yana ninka saiti sau 1.1, wato 90 ya koma 99. Population Bomb na Maushold ƙarfinsa 20 ne kowane bugu, har bugu 10, saiti 90, amma ana duba saitin a kowane bugu kuma da ɗaya ya kuskure shikenan an tsaya. Hannu wofi damar ka kai 10 ɗin wajen kashi 35 ce kawai, matsakaici bugu 6 ba kaɗan. Da Loaded Dice sau ɗaya za a duba saitin, sai a jefa ƙuri'a tsakanin 4 da 10, matsakaici 7, idan ka cire kashi 10 na kuskuren farko ya dawo 6.3. Da Wide Lens kuwa damar cika 10 ta haura kashi 90, matsakaici wajen bugu 9 da rabi. Ba ma kusa ba. Maushold mai Technician kowane bugu 30 ne, goma 300 kenan tun kafin a sa ƙarin da ake samu idan jinsin hari da na mai shi ɗaya ne, don haka wanda ya ba shi Dice ya yar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa da hannunsa. Na fahimci dalilin kuskuren, sunan kayan da bayaninsa suna sa ka ɗauka duk wani harin jere nasa ne, ni ma da farko haka na ɗauka sai da na ga bugu 4 da 5 suna ta fito min na koma na duba.

Triple Axel ma kusan haka ne, 20 sai 40 sai 60, saiti 90 kowane bugu, kuma mafi nauyin shine na ƙarshe wanda ya fi wuyar kaiwa. Hannu wofi kashi 73 ne za ka cika ukun, matsakaicin ƙarfi wajen 94. Dice ko Skill Link suna mayar da shi duba ɗaya, ko ka samu 120 gaba ɗaya ko ka tashi a tutar babu, matsakaici 108. Wide Lens kashi 97 na cika ukun, matsakaici wajen 117. Idan Triple Axel kaɗai ne harin jerenka Wide Lens ya fi, idan kuma kana haɗa shi da Bullet Seed ko Rock Blast to Dice yana yi wa duka aiki lokaci ɗaya.

Rukuni na biyu kuwa, masu adadi tsayayye, ba ruwansu da Dice ba ruwansu da Skill Link. Dual Wingbeat 2 ne ko me ka riƙe, Surging Strikes 3 ne. Ka ba su Choice Band ko Scarf, masu ƙara ƙarfi ko gudu amma su kulle ka a hari ɗaya, ko wani abun daban.

Kafin in koma kan Cinccino dole in yi maganar taɓa jiki, don a nan ne ake mutuwar banza. Rocky Helmet yana cire wa wanda ya taɓa mai shi kashi 1 cikin 6 na jininsa, Rough Skin na Garchomp da Iron Barbs na Ferrothorn kashi 1 cikin 8, kuma a kowane bugu ne ba a kowane hari ba. Tail Slap yana taɓa jiki, Population Bomb yana taɓawa, Triple Axel da Surging Strikes da Dual Wingbeat duk suna taɓawa. Bullet Seed, Rock Blast, Icicle Spear, Scale Shot, Pin Missile da Bone Rush jifa ne daga nesa, ba sa taɓawa. Toh lissafa da kanka, Maushold ya danna Population Bomb aka shigo masa da mai Rocky Helmet mai kauri, a bugu na 6 shi ne zai faɗi da cikakken jininsa. Idan Garchomp ne mai Helmet, abubuwa biyun sun haɗu, bugu 4 sun isa. Cinccino mai Skill Link ya yi Tail Slap a kan Helmet, kashi 5 cikin 6 na jininsa ya tafi a zagaye ɗaya. Ya taɓa faruwa da ni a wasan da nake gab da ci, na riga na ɗaga ƙarfi na ɗaga gudu, mutumin ya shigo da mai Helmet na danna Tail Slap ba tare da na tsaya tunani ba, kuma Bullet Seed yana nan a jerin harina wanda da shi na danna ba abun da zai same ni. Abun ya min ciwo sosai, tun ranar duk wani mai kauri da ban san me yake riƙe da shi ba da harin nesa nake fara gwada shi. A gasar biyu-biyu ma, inda kowa ke fitar da Pokémon biyu a fili, shi yasa ake ba Amoonguss Helmet, Urshifu ya yi Surging Strikes a kansa rabin jininsa ya tafi. Protective Pads suna hana duk wannan, amma kaga sun cinye hannun da Lens ko Dice za su zauna.

Ba Helmet kaɗai ba. Flame Body da Static kashi 30 ne a kowane taɓawa, bugu 5 kusan ka tabbata ka ƙone ko ka shanye. Stamina na Archaludon da Mudsdale tana ɗaga tsaro mataki 1 a kowane bugu, wato kana dukansa kana gina shi, bugunka na biyar ba ya kai rabin na farko, kuma idan yana da Body Press da tsaron da ka ba shi zai rama. Rage Fist na Annihilape yana ƙara 50 a duk bugun da ya sha har zuwa 350, shi yasa ma a biyu-biyu ake haɗa shi da Maushold ya yi masa Beat Up da gangan, bugu 4 marasa zafi harin ya tashi daga 50 zuwa 250. Bulletproof tana toshe Bullet Seed da Rock Blast gaba ɗaya. Har Sitrus Berry yana iya tashi a tsakiyar jeren, jini ya sauka rabi ya ci ya dawo da kwata, alhali da bugu ɗaya ne mai nauyi da bai samu damar ci ba. Duk wannan yawan bugu ne yake jawo shi, don haka Skill Link da Dice da Lens ba sa maganinsa, ƙara shi ma suke.

Toh Cinccino. Ƙarfin dukansa 95, gudunsa 115, yana da Tail Slap, Bullet Seed, Rock Blast, Triple Axel, kuma yanzu yana da Tidy Up wanda yake share Stealth Rock da Spikes da Substitute ya kuma ƙara masa ƙarfi da gudu mataki 1. Shi ne kusan kaɗai wanda zaɓin yake da wuya da gaske don yana da Skill Link yana kuma da Technician, ɗaya za ka ɗauka.

Skill Link da Life Orb: 125 sau 1.3, wato 162.5 kullum, amma kowane hari yana cin kashi 10 na jininka. Skill Link da Choice Band: 187.5 kullum, ba cin jini, amma ka kulle a hari ɗaya har sai ka fita, kuma ba maganar Tidy Up. Technician da Loaded Dice: 150 ko 187.5, matsakaici wajen 169, ba cin jini ba kullewa, kana da damar yin Tidy Up, kuma Triple Axel ya koma 30, 60, 90 da duba saiti sau ɗaya. Idan ka jera su haka za ka ga Technician da Dice ya fi Life Orb a matsakaici kuma ba ya cin jini, rabin lokaci ma yana kai ƙarfin Band ba tare da kullewa ba. A nan na tsaya, ga wanda zai yi Tidy Up sannan ya kayar da tim ɗin abokin karawa Technician da Dice ne zaɓina, kuma ban ga dalilin Skill Link da Life Orb ba sai dai in akwai wani takamaiman abokin gaba da 150 ba ya kayar da shi amma 162 yana kayarwa, wannan kuma sai ka buɗe kalkuleta ka duba da sunansa.

Amma Skill Link bai mutu ba, akwai wurare biyu da har yanzu nake komawa gare shi. Na farko idan ina son Cinccino ya shigo ya yi ɓarna nan take ya fita, ba shiri ba komai, Band da Skill Link ba ƙuri'a a cikinsa, 187.5 ne duk sanda ya samu, kuma ga mai lissafi da ƙasa irina wannan ba ƙaramin abu bane. Na biyu idan Knock Off ya yi yawa a inda kake bugawa. Mai Technician da aka ƙwace wa Dice ya koma matsakaici 116 ƙasa 75, mai Skill Link da aka ƙwace wa kaya yana nan a 125 daram. Sannan hannun da yake a sake yana ba ka damar gyara babbar matsalar Tail Slap, saitinsa 85 ne, wajen sau 1 cikin 7 zai kuskure gaba ɗaya, Wide Lens yana kai shi 93.5 ya kai Rock Blast 99, ko ka ba shi Protective Pads ka daina tsoron Helmet, ko Focus Sash don ka tabbata ka yi Tidy Up. Mai Dice ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, kuma Cinccino ba shi da kauri, duka ɗaya mai kyau daga mai jinsin faɗa ya gama da shi.

Akwai kuma dokar da ake mantawa da ita, a gasar hukuma ta VGC da fafatawar ranki ta cikin wasan ba a yarda Pokémon biyu a tim ɗaya su riƙe kaya iri ɗaya ba. Dice ɗaya gare ka. Idan kana da Baxcalibur ko Garchomp mai Scale Shot a tim ɗin to shi ya fi cancanta da shi don ba shi da wata hanyar, Cinccino sai ya koma Skill Link tunda shi yana da mafita. Haka nake yi yanzu a tim ɗin da nake bugawa, Dice yana hannun Garchomp, Cinccino yana kan Skill Link da Wide Lens, kuma idan na ga mai kauri ya shigo da Rock Blast ko Bullet Seed nake fara taɓa shi kafin in saki Tail Slap.